Dunduniyata Ta Hana Ni Sakat, In Yarda a Yi Mini Allura?

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Kaduna, shekaruna 46. Wata 11 ke nan dunduniyar ƙafata ta dama tana ciwo. Idan na tashi sallar asuba na sauke ƙafa ƙasa sai in ji kamar na taka ƙusa, in na ɗan yi tafiya ya lafa, da yamma kuma ya dawo. Na sha diklofenak har cikina ya fara zafi, an yi mini allurai a kyamis, an yi mini ƙaho, duk a banza. Hoton ƙashi ya nuna wai wani ɗan ƙashi ya tsiro. Yanzu wani likita ya ce zai yi mini allurar sitiroyid a cikin dunduniyar, wani asibitin kuɗi kuma sun ce a yi PRP, a ɗebi jinina a mayar mini, amma kuɗin ya fi albashina na wata. Ina da ciwon suga, ina shan metfomin. Maƙwabciyata ta ce allurar dunduniya gurgunta mutum take yi. Wanne zan yi? Malama H., Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Shawararmu a gajarce ita ce: allurar sitiroyid guda ɗaya, a hannun likitan da ya iya, bayan an tabbatar da ciwon kuma sugan jininki ya daidaita, abu ne da ya halasta a gwada ga mai wata 11 tana fama. Ba ta gurgunta mutum. Amma kuma ba ita ce ke warkar da ciwon ba. Sauƙi take ba ki na 'yan makonni, abin da kika yi a cikin makonnin nan shi zai sa ciwon ya tafi ko ya dawo. PRP kuwa ki ajiye maganarta tukuna.

Yadda kika siffanta ciwon ya yi daidai da abin da likita zai rubuta miki a kati da sunan plantar fasciitis. A tafin ƙafa akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka. Duk takun da kika yi sai ta miƙe, kuma inda ta fi shan wahala shi ne wurin da ta manne da ƙashin dunduniya, ta gefen ciki. Tsayuwar awa biyar ko shida a gaban allo a kan siminti, silifas marar tudu, ɗaurewar naman sha-raɓa da agara, da ƙarin nauyin jiki, su ne ke haɗuwa su gajiyar da wurin. Da dare ƙafa na saki, jijiyar ta takure. Takun farko na asuba ya fizge ta, shi ne zafin da kike ji.

Wani abu da ya shafi zaɓin allura kai tsaye: a ciwon da ya daɗe irin naki, matsalar ba kumburi ba ce zalla. A 2003 an buga wani bincike a Amurka da aka duba naman jijiyar mutum 50 da aka yi wa tiyata, abin da aka gani shi ne zaren jijiyar ya lalace ya yi kauri, babu alamun kumburi irin wanda aka zata. Sitiroyid maganin kumburi ne da zafi. Shi ya sa yake kashe zafin amma ba ya gyara zaren da ya lalace.

Shi kuma ɗan ƙashin da hoto ya nuna, ki kwantar da hankalinki. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwon dunduniya ba, wasu kuma suna fama da ciwon ba su da shi. Babu allurar da ke narkar da shi, kuma ba sai ya tafi za ki warke ba. Duk wanda ya ce miki zai narkar da ƙashin da allura, ki riƙe kuɗinki.

Kafin a tsira miki komai, a tabbatar ciwon shi ne. Likita zai danna gefen ciki na ƙasan dunduniya, ya lanƙwasa babban yatsa sama ya ga ko zafin ya ƙaru. Idan akwai sikanin, za a auna kaurin jijiyar, wadda ta wuce milimita 4 ana ɗaukarta ta yi kauri. Akwai ciwuka da ke kama da wannan, allurar ba ta yi musu amfani, wasu ma ƙara su take yi. Idan zafin raɗaɗi ne da ƙuna ko mutuwar ƙafa, musamman da dare kina kwance, ana zargin jijiyar saƙo ce ta matse, ko kuma suga ne ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Idan aka matse ƙashin dunduniya daga gefe biyu kika yi ƙara, ana tunanin tsagewar ƙashi. Idan zafin a tsakiyar dunduniya yake, kina jin kamar ƙashi ne ke taɓa ƙasa, wataƙila kitsen dunduniyar ne ya zaizaye, kuma wannan shi ne wanda sitiroyid ya fi cutarwa. Idan kuma dunduniya biyu ne tare da sandarewar baya da safe ko kumburin wasu gaɓoɓi, sai an yi gwajin jini.

Yanzu allurar kanta. Abin da aka saba zuƙa shi ne sisi 1 (wato mililita 1) na sitiroyid, galibi miligiram 40 na tiramsinolon, wanda aka fi sani da Kenacort, ko miligiram 40 na Depo-Medrol, a haɗa da sisi 1 ko 2 na lidoken mai kashe zafi. Wasu likitocin sun fi son deksametason miligiram 4, don shi narkakke ne, ba ya barin ƙananan duwatsu a cikin nama. Za ki kwanta, a wanke fatar sosai da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shigar da siririyar allura ta gefen ciki na dunduniyar, a kai ta dab da inda jijiyar ta manne da ƙashi. Abu biyu ake gudu. Na farko, zuba maganin a cikin kitsen da ke ƙasan dunduniya. Na biyu, ɗura shi da ƙarfi a tsakiyar zaren jijiyar. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa son shiga ta ƙasan tafin ƙafa: fatar wurin ta fi kauri, ya fi zafi, kuma allurar ratsa kitsen take yi. Idan akwai inda ake yin ta ana kallon bakin allurar a sikanin, ya fi kwanciyar hankali, ko da yake gwani yana iya yi da laluben hannu. Aikin bai wuce 'yan mintuna ba. Yana da zafi, ba za mu ɓoye miki ba, amma na ɗan lokaci ne.

Kada ki ruɗu da sauƙin da za ki ji kina fitowa daga ɗakin likita, aikin lidoken ne, awa biyu ko uku ya sake ki. Wasu ma zafin kan ƙaru a kwana ɗaya ko biyu na farko. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 10 zuwa 15 da farasitamol sun isa. Sitiroyid ɗin kan fara aiki cikin kwana uku zuwa mako guda.

Har yaushe sauƙin zai kai? A nan ne ake yawan cika baki. Binciken da aka yi a Ostiraliya aka buga a 2012, inda aka yi allurar deksametason da taimakon sikanin, ya nuna ta fi allurar ruwan gishiri, wadda ba magani a cikinta, rage zafi a mako na 4, amma bayan nan bambancin bai tsaya ba. Babban nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, shi ma abin da ya samu ke nan: ɗan sauƙi har zuwa wata guda, bayan haka babu tabbas. A aikace wasu kan kai wata biyu ko uku. To ki shiga da wannan lissafin.

Abin da maƙwabciyarki ta ji yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri. Illoli biyu ne manya, kuma dukkansu sun fi zuwa ga wanda aka yi ta maimaita masa allurar.

Ɗaya ita ce zaizayewar kitsen dunduniya. Wannan kitse ba irin na ciki ba ne, a ɗaki-ɗaki yake, an halicce shi don ya shanye dukan ƙasa. Sitiroyid yana sa kitse ya zaizaye, in ya zuba a ciki sai wannan matashin kitsen ya yi siriri, kuma ba ya dawowa. Mai wannan matsala ba ta iya taka tayil ba takalmi, kuma ciwon ya fi na farkon wuyar magani.

Ɗayar ita ce tsinkewar jijiyar. Sitiroyid yana raunana zaren, ga shi kuma zafin da ke hana ki wuce gona da iri ya ɗauke. Sai mutum ya ji garau ya yi doguwar tafiya ko ya yi tsalle ya tsallake kwata, ya ji wani abu ya yi ɗas a tafin ƙafa, wurin ya kumbura ya yi baƙin jini. Kaɗan ne ke gamuwa da haka, amma idan ta faru sai an yi makonni cikin takalmin asibiti mai tauri, wani lokaci tafin ƙafar ya baje, ciwo ya koma gefen waje. Saboda waɗannan biyun ne ake cewa kada a wuce allura biyu, iyaka uku, a dunduniya ɗaya, kuma a bar tazara mai tsawo, mu mun fi son wata uku. Idan ta farko ba ta yi komai ba sam, ta biyu ba za ta yi abin mamaki ba. Komawa za a yi a sake duba ko ciwon shi ne.

Akwai ƙaramar illa da ba a cika gaya wa masu baƙar fata ba: wurin da allurar ta shiga yana iya yin fari-fari bayan wasu makonni. Yawanci launin kan dawo a hankali cikin watanni. Shigar ƙwayar cuta ba ta cika faruwa ba in an yi tsafta, amma ga mai suga ba abin wasa ba ce. Ja, zafi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ko zazzaɓi, ki koma asibiti a ranar.

Suganki shi ne abin da ya fi damun mu a wasiƙarki. Ko da a dunduniya aka zuba maganin, wani sashe yana shiga jini, kuma yana ɗaga suga. Yakan fara hawa a ranar, ya kai ƙololuwa a kwana ɗaya ko biyu, ya ɗauki kusan mako guda kafin ya sauka, wani lokaci fiye. Saboda haka ki yi gwajin HbA1c kafin ranar, wanda ke nuna yadda suganki yake a wata uku da suka wuce. Idan ya haura 8, likitoci da yawa za su ce a gyara shi tukuna, kuma muna tare da su. Idan an yi allurar, ki auna suga safe da yamma na tsawon mako guda, ki ci gaba da metfomin ɗinki, ki rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba a makon. Ki tambayi likitan tun kafin ki tashi: in ya kai nawa zan dawo? Ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari da kasala alamu ne na komawa ba tare da jira ba. A kuma duba ƙafar: gyambo, faso mai zurfi ko ƙaiƙayin tsakanin yatsu, duk a magance su kafin allura. Ki faɗa masa idan kina shan maganin tsinka jini, ko kin sha siprofuloksasin kwanan nan, wanda ake yawan bayarwa don taifot, domin shi ma yana raunana jijiyoyi.

Allurar kyamis kuwa ki daina. Wadda ake yi a ɗuwawu galibi diklofenak ce ko deksametason, duk jiki take bi, ba ta gyara dunduniya, tana ɗaga suga, tana cin ciki da ƙoda. Cikinki ya riga ya yi magana. Haka ƙwayoyin haɗi da ake ƙullawa a leda don ciwon jiki, sau da yawa da sitiroyid a ciki. Kada kuma ki bari a tsira miki allura a dunduniya a shago. Ƙaho, tsaga da sakiya a ƙafar mai suga hanya ce ta gyambon da ba ya warkewa.

Sai PRP. Ana ɗibar jininki, sisi 15 zuwa 60 gwargwadon na'urar, a juya shi a inji har ya rabu, a zuƙo sashen da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, kamar sisi 3, a zuba a jijiyar, sau da yawa ana tsattsaga wurin da bakin allurar. Manufar ita ce a tayar da gyara a inda ya tsaya. Alherinta: ba ta sa kitse ya zaizaye, ba ta raunana jijiya, ba ta ɗaga suga, wanda ga irinki abin dubawa ne. Amma ta fi zafi a makon farko, ba a ganin amfaninta sai bayan mako 4 zuwa 6 ko fiye, kuma ana son a bar diklofenak da ibufurofen da danginsu kafin a yi da bayan an yi. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ta fi sitiroyid a wata 6 zuwa shekara, sai dai yawancinsu ƙanana ne, kuma kowane asibiti da yadda yake haɗa tasa, ta wani wurin ba ɗaya take da ta wani ba. Ra'ayinmu: ba ƙarya ba ce, amma ba ta kai a ci bashi ko a kwashe adashi dominta ba alhali ba a gwada abin da ke kyauta ba. Za ta shigo lissafi idan kin yi wata uku kina atisaye yadda ya kamata bai yi ba, ko suganki ya ƙi sauka har sitiroyid ya zama haɗari. In za ki yi, ki tambaya ko da sikanin ake yi, sau nawa za a yi, kuma kuɗin da suka faɗa na duka ne ko na zama ɗaya.

Akwai wasu allurai da za ki iya ji: ta ruwan gulukos mai kauri da ake maimaitawa kamar sau uku, ta jinin mutum yadda yake ba a tace ba, da Botox. Hujjar su ba ta kai ƙarfi ba, Botox kuma ga tsada. Na'urar da ke dukan dunduniya da igiyar sauti ba allura ba ce, kuma tana da hujja mai kyau ga ciwon da ya daɗe, in kin same ta ki tambaya.

Abin da ba mu gani a wasiƙarki ba shi ne atisaye, kuma shi ne maganin. Wani gwaji da aka yi a Denmak aka buga a 2019 ya raba marasa lafiya gida uku: masu allura kaɗai, masu atisaye kaɗai, da masu haɗa biyun. Waɗanda suka haɗa su suka fi samun sauƙi. Ga yadda za ki yi.

Kafin ki sauke ƙafa daga gado da asuba, ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ki kama yatsun da hannu ki ja su sama wajen ƙauri har ki ji jijiyar ta miƙe a tafin ƙafa. Ki riƙe daƙiƙa 10, ki saki, sau 10. Ki maimaita sau uku a rana, da duk lokacin da kika daɗe a zaune, misali bayan kin gama makin littattafai. Sannan miƙa sha-raɓa: ki dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, daƙiƙa 30, sau uku.

Na ƙarfafawa shi ne mafi muhimmanci. Ki sami matakala ko dakali, ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin yatsun yadda za su ɗaga sama, dunduniya tana lilo a waje, ki dafa bango. Ki ɗaga dunduniya a hankali cikin daƙiƙa 3, ki tsaya a sama daƙiƙa 2, ki sauko cikin daƙiƙa 3. Sau 12, ki huta, zagaye uku, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta. Ki fara da ƙafa biyu, in kin yi ƙarfi ki koma ɗaya. Bayan mako biyu ki goya jaka mai littattafai a baya, ki rage zuwa sau 10 zagaye huɗu, daga baya ki ƙara nauyi, sau 8 zagaye biyar. Ɗan zafi lokacin yi ba laifi, muddin washegari bai fi na jiya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauri, da dainawa a mako na uku don an ji sauƙi. Wata uku ake yi. Ki fara tun yanzu, kafin allura. Wasu a nan suke samun lafiya har maganar allurar ta wuce.

Idan an yi allurar, kwana biyu na farko hutu ne, saboda haka ki nemi a yi miki ita ranar Alhamis ko Juma'a don ki sami ƙarshen mako. Ki bar filastar a bushe na kwana ɗaya, wajen alwala ki shafa a kanta. Miƙa jijiya a hankali daga kwana na uku. Na matakala sai bayan kamar mako biyu, ko yadda likitanki ya ce. Ban da gudu, tsalle, ko zagaye Kasuwar Barci da ƙafa a wannan tsakanin, ko da kin ji kamar ba ki taɓa ciwo ba. Doguwar tsayuwar nafila ki yi ta a zaune.

Takalmi kuma: ki bar silifas ɗin roba mai faɗi, ki bar yawo ba takalmi a kan tayil ko siminti, har a tsakar gida. Ki nemi mai tafi mai kauri da laushi, bayansa ya ɗan fi gabansa tudu da kamar santimita 2 zuwa 3, wanda ba ya naɗewa biyu in kin lanƙwasa shi a hannu. Matashin dunduniya na silikon da ake sayarwa a manyan shagunan magani yana taimakawa a cikin takalmi sau-ciki. A aji ki ajiye kujera, ki riƙa zama na minti biyu ko uku tsakanin darasi. In akwai ƙiba, rage ko kilo 4 ko 5 zai sauƙaƙa wa dunduniyar da sugan gaba ɗaya.

Game da inda za ki je, likitan ƙashi kike nema da sashen gashin ƙashi, wato masu kula da atisaye da motsa gaɓoɓi. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a nan cikin garin Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, sai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan abin ya kai ga turawa. Ki tafi da hoton ƙashin, da sakamakon suga, da duk kwalayen magungunan da kika sha, har da sunan allurar kyamis in za ki iya samowa, domin idan deksametason aka yi ta yi miki kwanan nan, likita zai so ya jinkirta tasa. Ki tambaye shi wane magani zai zuba, miligiram nawa, ta ina zai shiga, ya kuma rubuta miki a kati tare da kwanan wata, don duk likitan da kika gani nan gaba ya san an riga an yi ɗaya.